Filin Tambayoyinku: Bekon da babu nama, ya ake haɗa shi a gida?

Wasiƙun wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka zo, to na tsinto waɗanda amsarsu zata amfani kowa, wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri don na tabbata zai samu amsarsa cikin ta wani.

Salam Anti, dan Allah inada tambaya. 'Yata ce ta daina cin duk wani abu daya fito daga jikin dabba, ba nama ba kifi ba ƙwai ba madara, tun ina faɗa har na gaji na zuba mata ido. Yanzu kuma ta dameni wai in tayata mu haɗa wani abu wai shi bekon, ta nuna min a waya naga kamar soyayyen nama amma tace ba nama bane. Ni dai bansan kansa ba, menene shi kuma da me ake yi? Daga wata uwa.

Wa alaikissalam 'yar uwa. Ki kwantar da hankalinki, abinda yarinyar ta nuna miki babu ko ɗigon nama a ciki. Shi bekon na asali naman alade ne, yawanci ɓangaren ciki inda tsoka da kitse suke jere layi layi, sai a cuɗe shi da gishiri da ɗan suga da wani sinadari da ake cewa naitirait a ajiye wasu kwanaki, daga nan a turara shi da hayaƙin itace a yanka shi siriri a soya har yayi ƙaras ƙaras. Mutane da yawa a duniya basa cinsa, wasu don addini, wasu don lafiyarsu, wasu kuma irin 'yarki ne da suka bar kayan dabba gaba ɗaya, kuma ba yau aka fara ba don ƙungiyar masu wannan ra'ayi an kafa ta a Ingila tun 1944.

To abinda nakeso ki riƙe shine, wannan ɗanɗanon da mutane ke bi ba daga naman yake zuwa ba sosai, daga abinda aka yiwa naman ne. Gishiri, hayaƙi, ɗan zaƙi, maiƙo, sai kuma wuta da take soya shi har yayi ja. Duk waɗannan babu wanda sai da dabba ake samunsa, shi yasa in kika samu wani abu da zai shanye su kuma ya jure wuta to aiki ya kusa ƙarewa. Ni wanda nafi so a fara dashi shine awara, mai tauri ba mai laushin nan ba, don tana shan haɗi kuma tana da furotin wanda yarinyar take buƙata.

Ga yadda zakuyi. Ki samu awara kamar giram 400, ki naɗe ta a tawul mai tsafta ki ɗora mata abu mai nauyi kamar tukunya da ruwa a ciki, ki barta minti 30 ruwan jikinta ya fita. Kafin nan ki haɗa ruwan jiƙon a kwano: soya sos (wani baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken suya) babban cokali 3, jan suga babban cokali 1 ko ruwan zaƙin itacen mapul in kina dashi, mai babban cokali 1, garin tattasai mai hayaƙi cokalin shayi 1, garin tafarnuwa rabin cokalin shayi, khal cokalin shayi 1, masoro kaɗan, sai ruwan hayaƙi na kwalba rabin cokalin shayi kar ki wuce haka. In kinaso yayi ja sosai ki ƙara tumatirin gwangwani cokali ɗaya. Ki juya har sugan ya narke, ki ɗanɗana, ya kamata kiji gishirin ya ɗan yi yawa a harshe don awara lami ce zata shanye.

Sai yanka, kuma nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Ki yanka ta siriri kamar milimita 2 zuwa 3, da wuƙa mai kaifi, a hankali, in wasu sun karye ba komai ki ajiye su zasu yi amfani a kan salad. Ki jera su a faranti mai faɗi ki zuba ruwan jiƙon, ki juya su da hannu ba da cokali ba, ki bari aƙalla minti 30, in zasu kwana a firij yafi. Wajen suya ki sa mai kaɗan a kasko, wuta matsakaiciya, ki jera su kar su hau juna, minti 3 zuwa 4 kowane gefe har gefunan su fara yin duhu. In kuma a obin ne ki shimfiɗa takardar gashi a tire ki sa a digiri 190 na minti 20 zuwa 25, ki juya su a tsakiya.

Zuma kam kar ki sa tunda 'yarki ta bar kayan dabba, don su basa shanta. Sannan akwai wani sos mai suna Worcestershire da wasu ke zubawa a irin wannan haɗin, na asalinsa da ƙananan kifi ake yi, sai a duba jikin kwalbar. Kuma tunda kin kawo maganar yarinyar bari in ƙara miki wani abu da yafi bekon ɗin muhimmanci, duk wanda ya bar nama da ƙwai da madara gaba ɗaya dole ya nemi bitamin B12 ta hanyar ƙwaya ko abincin da aka ƙara masa shi, don tsirrai basa bada shi yadda za'a dogara, kuma rashinsa yana jawo ƙarancin jini ya taɓa jijiyoyi a hankali ba tare da an farga ba. Dan Allah ku ga likita kan wannan, kar a bari sai ta fara jin kasala da jiri.

Anti barka da aiki, ni namiji ne amma ina shiga kicin sosai. Nayi na awara yadda na gani ana yi, ɗanɗano ba laifi amma wlh yaƙi yin ƙaras ƙaras, yayi lugub kawai, dana ƙara wuta kuma sai ya ƙone yayi ɗaci. Ina matsalar take?

Yauwa ƙanina, sannu da ƙoƙari. Matsalarka ruwa ne, kuma ƙara wuta baya maganin ruwa. Muddin akwai ruwa a saman abu to zafinsa baya wuce digiri 100, shi kuma wannan jan da ƙamshin suya da kake nema basa farawa sosai sai wajen digiri 140 zuwa sama, lokacin ne furotin da suga ke haɗuwa su canza launi su fidda ƙamshi, wani masani ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ne ya fara bayanin abin a 1912. To in ka jefa awara jiƙe a kasko dahuwa take yi a cikin tururinta, ba suya ba, in ka ƙara wuta kuma sugan dake waje ne zai ƙone tun cikin bai bushe ba, ga ɗacin da kaji.

Don haka ka matse ta sosai tun farko. Akwai kuma dabara da nake yabawa ƙwarai, ka sa awarar a firiza ta daskare, ka fito da ita ta narke sannan ka matse da hannu, zaka ga ruwa yana zuba kamar kana matse soso, saboda ƙanƙarar ta huda ta ciki ta bar ƙananan ramuka, kuma waɗannan ramukan ne zasu zuƙe ruwan jiƙon daga baya, ga tauna da take ƙarawa. Bayan ka tsamo ta daga jiƙon ka ɗan tsane ta kafin ta shiga kasko. Kar ka cika kaskon, gara ka soya sau biyu ko uku, don in suka matsu tururin ɗaya yana jiƙa ɗaya. Wuta kuma matsakaiciya, da haƙuri. In kaga sugan yana saurin kamawa to ka rage shi a jiƙon ka shafa sauran a minti ɗaya na ƙarshe.

Abu na ƙarshe da mutane basu sani ba, baya gama yin ƙaras a kan wuta. In ka sauke shi yana ɗan lanƙwasa kar ka mayar, ka ɗora shi kan raga ko wani abu da iska zata shiga ta ƙasa ka bashi minti 5, yana hucewa yana ƙara tauri. Wanda ya jira sai ya bushe ƙayau a kasko to ya riga ya ƙone. Kuma kar ka rufe shi da murfi yana da zafi, gumi zai mayar maka dashi inda ka fito.

Anti ni wannan ruwan hayaƙin bana samunsa, kuma ma tsoro yake bani, hayaƙi kuma a kwalba? Ba wani abin da zan sa madadinsa?

Akwai 'yar uwa. Amma bari in fara faɗa miki menene, hayaƙin itace ne na gaske ake bi dashi ta bututu mai sanyi sai ya koma ɗigon ruwa a tace shi, wani mai haɗa magani a Amurka Ernest Wright ne ya fara sayar dashi tun 1895. Tsoronki kuma ba a banza yake ba, don a 2024 Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izinin wasu nau'o'i 8 na irin wannan kayan ƙamshin hayaƙi bayan hukumarta ta lafiyar abinci tace bata iya tabbatar da cewa basa illa ga ƙwayoyin halitta ba. Shi kansa hayaƙin itace kai tsaye yana da nasa sinadaran da ba'a so su yawaita a jiki, to ko wanne kika ɗauka kaɗan ne, kuma ba abincin kullum ba.

Madadin da yafi sauƙi shine garin tattasai mai hayaƙi, wanda yafi suna na yankin La Vera ne a Sifaniya inda ake busar da tattasan a kan hayaƙin itace wajen mako biyu kafin a niƙa, in babu ruwan hayaƙi ki ninka shi zuwa cokalin shayi 2. Akwai gishiri mai hayaƙi, akwai kuma wani baƙin shayi na ƙasar Sin mai suna lapsang souchong da ake busarwa da hayaƙi, ki jiƙa shi da kauri ki zuba cokali biyu a haɗin. In duk babu to ga dabarar masu girki na Indiya da Pakistan, ki jera awarar da kika jiƙa a tukunya ki bar wuri a tsakiya ki ajiye ƙaramin kofin ƙarfe, ki ɗauko gawayi ɗaya da ya ruru yayi ja ki sa a kofin, ki ɗiga masa mai kaɗan, yana fara hayaƙi ki rufe tukunyar ruf na minti 3 zuwa 5. Gawayin itace zalla fa, banda wanda aka kunna da kananzir ko fetur, kuma ki buɗe taga. Ni a ganina wannan ya fi na kwalbar daɗin ƙamshi ma, sai dai in ya wuce minti biyar yana fara ɗaci.

Yarona waken suya baya karɓarsa, da yaci sai ƙuraje da kumburi. Shikenan mu an barmu a baya kenan Anti?

A'a ba'a barku ba. Amma ki lura soya sos ɗin ma daga waken suya yake, har da wanda ake cewa tamari, to ki cire shi ki sa gishiri da ɗan ruwa da tumatirin gwangwani, ko wani sos da ake yi da ruwan furen kwakwa in kin samu. Sai ki zaɓi abin da zai ɗauki haɗin.

Lemar kwaɗi irin ta ci, wato mashrum, ita ce zan fara baki, musamman shitake ko mai kaurin ƙafar nan, kuma ta sayarwa wadda aka noma, kar wanda ya tsinko ta daji don wasu guba ne. Tana da wani ɗanɗano mai kama da na romo tun daga halittarta, wanda wani masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano tushensa a 1908 ya kira shi umami. Kusan kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne don haka zata motse sosai, tire cike zai dawo ɗan tafin hannu, kar kiji haushi. Ki yanka siriri ki cuɗa da mai da gishiri ki gasa a digiri 190 minti 20 zuwa 25, kayan zaƙin ki sa can ƙarshe.

Sai busasshiyar kwakwa mai faɗin yanka wadda ba'a sa mata suga ba, kofi 2 a cuɗa da cokali 3 na haɗin a baza a tire, digiri 160, minti 12 zuwa 15 ana juyawa duk bayan minti 5, kuma ki tsaya a kanta don tsakanin ta yi da ta ƙone minti ɗaya ne. Ita tana da nata maiƙon shi yasa take narkewa a baki, sai dai ƙamshin kwakwar baya ɓacewa duka. Akwai takardar shinkafa irin ta 'yan Biyetnam, wato siririn faifai na garin shinkafa da ake ci, a haɗa biyu a yanka da almakashi a tsoma a ruwa a shafa haɗin a gasa minti 7 zuwa 8, tafi kowanne ƙaras amma gaskiya bata riƙe ciki. Na karas da na ɓawon ayaba da ake ta yaɗawa kuwa, sunfi kyau a hoto fiye da a baki, ban hana ki gwadawa ba.

Anti inaso nayi irin mai layi layin nan ja da fari da ake yankawa kamar na gaske, ance da fulawa ake yi, da gaske ne?

Da gaske ne ƙanwata, amma ba fulawar duka ba, danƙon cikinta ne wato gulutin, wanda masu bin addinin Buddha a ƙasar Sin suka daɗe suna ci a madadin nama shekaru aru aru. Ana sayar da garinsa, in kuma babu ki kwaɓa fulawa da tauri ki nutsar da ƙullin a ruwa awa ɗaya, sannan kiyi ta wanke shi kina canza ruwa har farin sitacin ya fita ya bar miki wani abu mai talewa a hannu.

Da garin yafi sauƙi. Ƙulli biyu zakiyi, babba da ƙarami. Babban ki kwaɓa garin gulutin kofi 1 da ruwan jiƙon nan da tumatir da ɗan ruwan bitrut (wata jar saiwa da ake ci) don ja, ƙaramin kuma rabin kofi da gishiri da tafarnuwa da garin albasa da man kwakwa babban cokali 2, ba abu mai launi. Man kwakwa na zaɓa don yana daskarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, to yana zama a farin layin kamar kitse sai ya hau wuta ya narke. Ki ƙara dafaffen wake da aka dama cokali biyu uku a kowane ƙulli, in ba haka ba zaki tauna har muƙamuƙinki ya gaji, kuma kar ki cika murza shi don murza tana ƙara masa tauri. Ki raba jan uku farin biyu, ki baza kowanne ki jera ja fari ja fari ja, ki danne, ki naɗe tam da takardar gashi sannan foyil, ki turara a madambaci minti 50 zuwa awa ɗaya. Turarawa nace, kar ki jefa shi a tafasasshen ruwa zai kumbura yayi ramuka. In ya huce ya kwana a firij, washegari ne zai yanku siriri, sai ki soya minti ɗaya biyu kowane gefe, shi baya son daɗewa a wuta. Mai cutar da bata son alkama kam wannan ba nasa bane ko kaɗan.

Mijina yana da hawan jini, naji ance tunda ba nama bane zai iya ci yadda yakeso. Haka ne?

Ba haka bane 'yar uwa, kuma naji daɗi da kika tambaya kafin ki bashi. Gaskiya ne akwai inda na gida yafi, babu kolestarol a cikinsa, ba'a zuba masa naitirait, kuma a 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama irin su bekon da sosej cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji, tace giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100. Wannan duk kin tsallake shi. Amma gishirin yana nan daram. Hukumar tace babba kar ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan cokalin shayi ɗaya kenan, alhali babban cokali ɗaya na soya sos kaɗai yana ɗauke da fiye da giram 2. To in zakiyi wa maigida ki nemi soya sos mai ƙarancin gishiri ki raba adadin biyu, ki ƙara khal da tafarnuwa da tattasai mai hayaƙi su cike gurbin, ki zaɓi awara ko mashrum ki bar na kwakwa don kitsenta mai daskarewa ne, ki gasa maimakon suya, kuma yanka biyu uku ya isa a gefen abinci ba a cika masa faranti ba. In likitansa ya kafa masa doka kan gishiri to maganar likita ce gaba da tawa.

Kwana nawa yake yi in an ajiye?

Na awara da na gulutin da na mashrum kwana 3 zuwa 4 a firij cikin roba mai murfi, kuma zasu saki, sai a mayar dasu busasshen kasko minti biyu su dawo. Na gulutin da ba'a soya ba yana yin wata 2 zuwa 3 a firiza, ki yanka ki sa takarda tsakaninsu don ki riƙa ɗaukar iya wanda kike so. Na kwakwa in ya huce sarai kika zuba a kwalba busasshiya zai kai mako ɗaya zuwa biyu, na takardar shinkafa kuwa a ci shi ranar.